Ruwan Sama Daga Lasifika

Tun da kwalin lasifikoki ya iso daga Auckland, Pelenato ya kasa zaune ya kasa tsaye. Matsala ɗaya ce: rumfar zaman gidansu a tsibirin Savai'i ba ta da bango, ginshiƙai ne kawai ɗauke da rufi. Sai ya ɗaure biyu a ginshiƙan gaba, biyu a na baya, ya girke babbar lasifikar mai gurnani a ƙarƙashin talabijin, yana zagayawa yana karkata kunne.

"Goggo, dawo nan tsakiya, yau za ki sha mamaki!"

Goggo Fuatino ta jawo tabarmarta tana tsaki. Ya kunna fim. Can sai tsawa ta fashe ta bayansu, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya.

"Wayyo, 'ya'yan kokon da na shanya!" Goggo ta zabura waje, sauran mata suka hau sauke asabari. Rana ƙwal a sama, ko gajimare babu.

Pelenato ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kun ji aiki ko?"

Goggo ta kwashe kokonta, ta dawo ta zauna, matan suka sake naɗe asabarin.

Fim bai kai rabi ba iska ta taso daga teku, ruwan gaske ya fara tafkar lasifikokin baya.

Pelenato ya yi ihu, "Ku sauke asabari! Wannan na gaske ne!"

Babu wanda ya motsa. Goggo ta share ɗigon ruwa daga kumatunta.

"Kai, ɗan nan, na'urarka akwai gwaninta. Har feshi take yi."