Diyyar Gwiwar Dogo

Alƙali bai gama rufe baki ba ƙanen Dogo ya zabura ya miƙe, sai da ɗan sandan kotu ya harare shi sannan ya zauna. Dogo dai bai gane zancen shari'ar ba, don haka ya juya ya dubi lauyarsa. Ta sunkuyo tana murmushi.

"Mun yi nasara, Baba. Asibitin za su biya ka diyya."

Dogo direban babbar mota ne. Gwiwar hagu ke masa ciwo ranar da aka shiga da shi tiyata, amma da ya farfaɗo sai ya tarar ta dama aka yanka. Aikin ma bai yi kyau ba, ƙafar ta sandare. Asibitin suka dage cewa shi ya nuna musu ba daidai ba. Aka yi ta ɗage zama har takalmin matarsa ya cinye a hanyar kotu.

Yau kuwa ga ta a bakin ƙofa, tana kuka tana dariya, ta kira yayarta a waya amma ta kasa haɗa magana. Direbobin tasha da suka rako shi suka dinga danna odar motocinsu har masu shaguna suka fito kallo. Wani ya ɗaga sandar Dogo sama yana juyi da ita, ya manta mai ita na jingine da bango. Ƙanen kuma tuni ya fara rabon arziki: a gyara rufin gida, a mayar da yara makaranta, a sayi mota sabuwa fil.

"Kai da ko sisi ba ka gani ba!" in ji Dogo, yana dariya har da hawaye.

Cikin murnar ne wani tsohon abokinsa ya cusa masa makullin mota a hannu, ya ce yau angon shari'a ne zai ja su gida. Aka ɗauke shi cak aka dire shi a kujerar direba. Ya shafa sitiyari, ya gyara madubi, ya tayar da inji. Ƙarar ta ratsa shi har ƙirji. Sai ya nemi ɗora ƙafa kan birki, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa.

Bai kashe injin ba. Ya jawo jiki a hankali zuwa kujerar gefe, ya yafito ƙanensa.

"Zo ka ja mu. Ka dai kula da kwanar gaban kasuwa."