Ruwan Omo a Birkin Kamilu

Babur ɗin yana tsaye a tsakar gida an tuɓe masa jajayen robobin jikinsa, wayoyi da tiyo duk a waje, kamar ragon da aka feɗe aka rataye. Kamilu na durƙushe a gefensa tun da gari ya waye. Ya juye baƙin mai ya zuba sabo, ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ya ciro filogi huɗu ya goge ya mayar. Kusan duk Asabar sai ya sami abin kwancewa, kuma a cikin gida, don ya rantse babu bakaniken da zai ɗora hannu a kan abin nan a duk faɗin Gusau.

Daga Kwatano aka kawo masa shi, na hannu, shekara biyu bayan an ba Zamfara jiha, lokacin da aka dawo da Kamilu aiki gida daga Sakkwato. Irin babur ɗin nan ne na tsere wanda mahayinsa ke kwanciya a kan tanki. Mutanen unguwarsu ta Damba ba su taɓa ganin irinsa ba, kuma gaskiya ba su so shi ba. Tsofaffi in ya wuce sai su bi shi da addu'a, irin wadda ake yi wa wanda ya yi nisa.

A bakin zaure ta ciki, Sahabi na zaune da kofin shayi yana kallo. Shi ne yayan Kamilu, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, da kuɗin tuƙin bas a hanyar Gusau zuwa Tsafe ya yi masa makaranta. Shi ya fara koya masa riƙe sifana. Amma tun da babur ɗin nan ya shigo gidan, ko noti ɗaya Kamilu bai taɓa cewa ya riƙe masa ba. Abin yana cin Sahabi a rai ƙwarai, sai dai mutum ne da ba ya roƙo, don haka kullum sai ya zauna da shayinsa yana yi kamar inuwa ce ta kawo shi.

Ranar nan sai ya ji ƙanen nasa ya yi tsaki.

"Lahiya?"

Kamilu ya ɗaga wani ɗan gwangwani ya girgiza. "Yaya, na yi wauta. Na ga man birki ya yi baƙi, na tsiyaye shi duka, gaba da baya. Ashe gwangwanin ga ya yoye cikin akwati, ko cokali babu."

"To ka aika kasuwa mana."

"Irin nai sai wurin Ezekiel, shi ko ya tahi Kaduna saro kaya. Sauran na kasuwa jabu ne, launi kawai aka zuba ma wani mai." Ya zauna a ƙasa ya share zufa. "Ga ɗaurin auren Mas'udu a Tsahe bayan azahar, ni ne babban aboki. Na yi alkawali ni zan ja gaban motoci."

Sahabi ya ajiye kofinsa a hankali. Ya daɗe yana jiran rana irin wannan, bai kuwa yi niyyar bari ta wuce shi ba.

"Luba!" ya kira matar ƙanensa. "Kawo mani omo da ruwa mai tsabta a kwano."

Luba ta fito daga madafi tana goge hannu da zani. Ta kawo abin da aka ce, amma ba ta koma ba. Ta tsaya tana kallon yayan mijinta yana dama garin da yatsa har ruwan ya yi santsi.

"Yaya, wanki za a yi mashi?"

"Magani za a ba shi," in ji Sahabi. "Duk direban da kika gani bisa hanyar ga, da wannan yake taka birki. Ni kaina tun kahin a yi aurenku da shi nike aiki. Na taɓa zubar da kowa?"

Kamilu ya sosa ƙeya. "Yaya, littahin da ya zo da shi ya ce..."

"Littahin ya taɓa kai mota Huntuwa da damina?"

Kamilu yana da abin faɗa, ana ganinsa a fuskarsa, amma ga matarsa tsaye, ga mutumin da ya ciyar da shi ya tufatar da shi yana tsugune da kwano a hannu, bakinsa har kunne. Ta ina zai fara ce masa bai iya ba? Ya sunkuyar da kai ya miƙa masa sifana.

Tare suka yi aikin. Sahabi ya tace ruwan da ƙyalle ya cika ɗan kofin da ke kan hannun babur, sannan ya koma wajen taya ya kama notin fitar da iska.

"Matsa. Ƙara matsawa. Riƙe nan, kar ka saki."

Ya kwance notin, kumfa ta fito, ya ɗaure.

"Saki. Sake matsawa."

Haka suka yi ta yi, gaba da baya, kai da kai kamar lokacin da Kamilu ke ɗan makaranta yana taya shi gyaran mota da yamma. Sahabi ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba, har ya riƙa jan aikin don kada ya ƙare da wuri. Da suka gama, Kamilu ya matsa hannun birki ya ji shi tauri. Ya tura babur ɗin ya matsa, ya tsaya cak.

"Ka gani?" in ji Sahabi.

"Na gani, Yaya. Allah shi ƙara girma."

Luba ta matso. Ta ɗauki kwanonta ta duba sauran ruwan da ke ciki, ta dubi babur ɗin, ta watsar da shi a magudana. Da Kamilu ya mayar da robobi ya yi wanka ya sa sabuwar shadda, ta biyo shi har zaure da hular kwano. Ya ce hular za ta ɓata masa ado, ta ce ai shi ke nan, ta tsaya riƙe da ita har ya fita.

Sahabi ya isa tasha rana ta ɗaga, zafin bazara ya fara narka kwalta. Ya sa motarsa a layi, ya zauna a benci cikin direbobi, bai bari ko gaisuwa ta ƙare ba ya fara ba da labari. Wai jirgin nan na ƙanensa da ya gagari kowa, yau shi ya gyara shi da omon wanki. Aka yi dariya, aka tafa. Ana cikin haka wata mota ta iso daga Kaduna, Ezekiel ya sauko da kwali a kafaɗa.

Ezekiel mutumin Zuru ne, ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, kowa ya san shi da rashin hayaniya. Ya hangi Sahabi ya taho yana laluba kwalinsa.

"Malam Sahabi, ka rage mini tafiya. Ga saƙon Kamilu, man birkin da ya ce in nemo masa."

"Ka makaro," in ji Sahabi yana dariya. "Mun gama da wannan tun da sahe."

Wani direba ya ƙarasa masa labarin. Ezekiel bai yi dariya ba. Ya sauke kwalin a ƙasa.

"Gaba kawai, ko har baya?"

"Duka."

"Yana ina yanzu?"

"Ya tahi Tsahe. Mi ya hwaru? Na ce maka birki ya kama, da idona na gani."

"Da sanyi zai kama," in ji Ezekiel. Ya rage murya, don bai so ya kunyata shi a gaban mutane. "Malam Sahabi, motarka a hankali take tafiya, birkinta ba ya yin zafi can. Wancan in ya taho da gudunsa ya matsa, faifan ƙarfen nan har ja yake yi. Man gaskiya yana jure wannan zafin. Ruwa kuwa tafasa zai yi ya koma tururi. Zai kama masa a cikin gari, zai kama a farkon hanya. Can in ya yi zafi sai ya matsa ya ji hannun ya tafi har ƙarshe, babu komai a ciki."

Abin da ya faɗo wa Sahabi a rai shi ne fuskar Kamilu lokacin da yake miƙa masa sifana. Ya miƙe zumbur.

Lokacin tashinsa bai yi ba, motar ma ko rabi ba ta cika ba. Ya faɗa ciki ya tayar. Ɗan kamasho ya biyo shi yana dukan ƙofa yana kiran sunansa, bai waiwaya ba. Fata ɗaya gare shi: Kamilu ya ce zai tsaya shan mai wajen 'yan bumburutu a bakin gari, kuma mutum ne mai son hira.

A bakin gari ya tarar da mai sayar da man yana jera galan a inuwa.

"Jan babur? Yanzun ga ya tashi. Ya daɗe nan ana ta kallo nai."

Sahabi ya danna totur har ƙasa. Tsohuwar bas ta yi ƙara, ta yi rawa, ta ba da iyakar abin da take da shi, wanda bai taka kara ya karya ba. Ƙofofi suka riƙa kaɗawa. Wata dattijuwa da ke bayansa da ƙwaryar daddawa a cinya ta dafa kujera.

"Direba, mu ba sauri muke ba! In kai ka gaji da duniya, mu muna da sauran jikoki."

"Yi haƙuri, Inna."

Bai rage ba. Hanya ta miƙe fayau, zafi na tashi daga kwalta yana rawa har ka ce ruwa ne kwance a gaba. Duk abin da ya hango ja sai gabansa ya faɗi. Wani zanin mace ne a kan kara, wani murfin jarka ne a gefen titi. Dutsen Kwatarkwashi ya taso masa baƙi ƙirin, ya wuce shi. A ransa yana lissafa wuraren da dole mai babur ya taka birki: kwanar nan, ramin can, garken shanun da ke ƙetarawa kullum wajen rafi. Kowanne ya wuce bai ga komai ba sai ya gode wa Allah, sannan ya tuna cewa kowanne daga cikinsu ya ƙara wa ƙarfen zafi ne.

Ya yi addu'ar babur ɗin ya lalace. Ya roƙi Allah taya ta yi faci, ko sarƙa ta tsinke, ko mai ya ƙare. Amma ya san irin kulawar da ake yi wa abin nan duk Asabar, babu abin da zai lalace a jikinsa sai wurin da shi ya taɓa.

Sun kusa Tsafe ya fara ganin ɗanyen ganye an jera a kan titi, alamar akwai abin da ya faru a gaba. Bayan ganyen, taron mutane.

"Innalillahi," in ji dattijuwar.

Sahabi ya tsayar da mota. Ya sauka, ya kutsa cikin mutane yana ture su ba tare da ya ba kowa haƙuri ba. Babbar motar hatsi ce ta kife a kwana, ta tare kusan duk titin, buhunan gero sun watse har cikin rami. Direbanta na zaune a gefe ya dafe kai, lafiyarsa lau. Sahabi ya duba ƙarƙashin motar, ya duba ramin, ya zagaya ya duba bayanta. Babu ja ko ɗaya. Ya dafa gwiwoyinsa ya saki numfashi, hawaye suka zubo masa bai damu da wanda ya gani ba.

Wani manomi da fartanya a kafaɗa ya matso. "Malam, naka ne kayan?"

"A'a. Don Allah, wani bai wuce nan ba da jan babur, babba?"

Fuskar mutumin ta washe. "Kai! Ka san shi? Wallahi yau na ga gwani." Ya juya yana nuna titin da hannu. "Muna nan muna jera ganye muka hango shi tahe. Muka ɗaga mai hannu, muna ta ihu ya tsaya. Ko rage gudu bai yi ba! Ka ga ɗan wurin can tsakanin mota da rami? Nan ya bi, kamar zare cikin allura. Riga tai har ta taɓa buhu."

"Bai rage ba?"

"Ko kaɗan. Ni dai ban taɓa ganin ƙarhin hali irin wannan ba. Har ya juyo shina hwaɗa muna wata magana da ƙarhi, ƙara ba ta bari mun ji ba." Ya yi dariya. "Ina ga sannu ce yake muna."

Sahabi ya dubi gaba. Daga kwanar nan hanya gangara take yi har cikin Tsafe, inda masu ɗaurin aure ke cika titi a irin wannan lokaci. Ya dubi ɗan wurin da babur ya bi, bas ba za ta shiga ba sai an kwashe buhunan.

Ya sunkuya ya kama kunnen buhu na farko, ya fara ja shi kaɗai.