Guntun Itace a Cikin Toka

Da itace na gasa burodi duk rayuwata. Ban yi boko ba, amma in na zura hannu a bakin tanderu na san ko wuta ta yi. Da itace ya yi tsada har muka kusa rufewa, babbar 'yata ta karɓi gidan burodin. Ta kawo injin da ke matse buntun shinkafa da garin katako ya yi curi-curi, a shanya a kan rufi, a hura da su. Ta sa aka buga a takardar naɗe burodi cewa ba a sare bishiya don gasa shi ba. Saboda wannan rubutu wata makarantar kwana ta fara ɗaukar guda ɗari uku kullum. Shi ya tsayar da mu da ƙafafunmu. Na san haka.

Amma curin ba ya harshe. Ja kawai yake yi, shiru. Na ce wa 'yata wannan ba wuta ba ce, zazzaɓi ne. Ta yi dariya, ta ce in zauna a benci in huta.

Ban huta ba. Na ɓoye itace bayan tsofaffin buhunan fulawa. Kullum da safe, in mai kula da tanderu ya fita wanke faranti, sai in jefa biyu ciki. Sarkin Wuta muke ce masa. Tare muka gina tanderun, kuma tun 'yata ta iya magana Kawu take kiransa. Sau ɗaya ya kama ni. Ya dubi itacen, ya dube ni, ya ce ya manta soso a waje, ya koma.

Ranar Laraba shugabar makarantar ta zo da ɗalibai su ga yadda ake gashi ba itace. Tana cikin bayani ta ce a janyo toka su duba. Sarkin Wuta ya ja da shebur. Guntun itace ya mirgino, rabi a ƙone, da ɓawonsa. Matar ta naɗe hannu. Ta ce ba za ta koya wa yara gaskiya da burodin ƙarya ba, ta ba mu mako guda mu gaya mata yadda aka yi.

Da suka tafi 'yata ta tsaya gabansa.

"Kawu, wa ya sa?"

"Tanderu a hannuna yake," in ji shi.

Tana hawaye ta sallame shi. Ina kan benci ina kallon takalmina. Ya ɗauki hularsa, ya ce, "Maigida, a huta gajiya," ya fita.

Kwana huɗu ana gashi da curi zalla. Burodi ya fito ja sumul, gindinsa ko ɗigon ƙuna babu. Ya fi nawa. Na ɓalli ɗaya, na ɗanɗana, na ajiye. Sai direban da ke kai mana kaya ya ce ya ga Sarkin Wuta ya je neman aiki gidajen burodi biyu, duk sun ce sun ji labarin ha'incinsa. Mutum mai furfura, da jikoki a gida.

Rana ta biyar na sami 'yata tana auna kwaɓi.

"Ni ne," na ce.

Ta ɗora wani a sikeli, ta sauke. Ta ce kowa ta zarga ban da ni. Ta ce ita ta ji, saura shugabar makaranta da Kawu, kuma ba za ta raka ni ba.

Shugabar ta sa na maimaita sau biyu a tsaye, ta ce za ta ci gaba da saye. Wannan bai yi mini wuya kamar na biyun ba.

Na tarar da Sarkin Wuta a ƙofar gidansa yana gyaran sarƙar keke. Bai ba ni wurin zama ba. Na faɗa masa inda na fito. Ya ce ashe har yanzu ina da baki, shi ya ɗauka bakin ya tafi tare da haƙorana. Na ce ya dawo.

"Zan dawo. Amma ni da kai ba za mu sake tsayawa gaban tanderu ɗaya ba, Maigida. Zaɓi."

Na daɗe a tsaye. Shi kuwa yana ta juya feda da hannu. Na ciro makullin ɗakin gashi daga aljihu, na ajiye masa a kan sirdin keken.