Tiyon Man Dattijuwa

Matarsa ce ta fara jin warin fetur. Tana shanya a tsakar gida ta ɗaga hanci ta ce, "Baban yara, kishiyar tawa ta fara fitsarin kwance."

Dattijuwa take nufi, motar da ta girmi duk jikokinsu. Tsohon Direba ya yi kamar bai ji ba, amma gabansa ya faɗi. Yau Asabar, kuma da azahar babbar 'yarsa za ta zo, wadda duk gidan ke kira Alƙaliya domin in ta yanke hukunci ba a ɗaukaka ƙara. Tun watan jiya, da gangar shara ta yi rashin kunyar shiga gabansa, Alƙaliya ta ce saura kuskure ɗaya ta karɓe makullin. Shi da ya yi shekara arba'in yana jan bas, wai yarinyar da ya koya wa ɗaura takalmi ce za ta sauke shi daga sitiyari!

Zancen kiran bakanike kuwa bai taso ba. Bakin mutumin nan ya fi tiyon yoyo, kafin la'asar Alƙaliya ta ji komai har da ƙari.

Ya hau da ƙafafun motar na baya kan bulo biyu, ya ja birkin hannu, ya cire kan batir, ya shimfiɗa kwali. Shiga ƙarƙashin ya ɗauke shi minti biyar da salati uku. Ya bi bututun mai da yatsa tun daga tanki, har ya iso inda ƙarfe ya haɗu da tiyon roba. Nan ne. Bakin robar ya bushe ya tsage, fetur na bin hannunsa yana gangarawa cikin hammata.

"Miƙo min sukudireba da wuƙa!"

"Wuƙar girkina?" in ji matar.

"A'a, ta tiyata. Miƙo mana!"

Ta turo su da ƙafa. "In ka kama da wuta ka yi ihu da wuri, in kwashe shanyata."

Ya danne tiyon da filaya don kada tanki ya yi masa wanka, ya kwance tsohon kilif ɗin da ke matse bakin robar, wanda tsatsa ta cinye, ya yanke ruɓaɓɓen bakin kamar faɗin yatsa biyu. Allah ya so akwai rara a robar. Ya tura ta ta zauna daram, ya ɗaure da wani kilif da ya laluɓo a gwangwanin tarkacensa. Duk wannan da hannu ya yi shi, kuma hannun bai manta komai ba. Daɗi ya kama shi har ya fara fito.

Fiton ne ya tsaya da ya ji ƙarar takalmi mai tsini. Alƙaliya ba ta taɓa makara ba a rayuwarta, ko haihuwarta da sati biyu ta riga lokaci.

"Baba, me kake yi a ƙasa?"

"Hutawa nake. Akwai inuwa."

"Inuwar da ke warin fetur?"

Ya fito da kyar, baya na ƙara, gwiwa na amsawa. Ya gaya mata komai da gadara, ya nuna mata guntun robar kamar wanda ya cire wa maciji kai. Ya mayar da kan batir, ya jefa mata makullin. "Tayar da ita ki gani da idonki."

Dattijuwa ta yi tari sau biyu ta kama. Alƙaliya ta tattare zaninta ta durƙusa gefensa, suka leƙa tare.

Ya zuba ido inda ya san tiyon yake. Bai fi kamu biyu daga hancinsa ba, ga rana tsaka, amma abin da yake gani duhu-duhu ne kawai, kamar ta gilashin da aka shafa wa sabulu. Ya murza ido, ya ƙara matsawa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a kan titi ba. Yana iya cewa a bushe yake, wataƙila ma ya dace. To amma jikokinsa ne ke zama a kujerar baya, daidai saman tankin nan.

"Yana ɗiga?" ya ce a hankali.

Ta juyo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Da ma faɗa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Ba ya ɗiga, Baba. Gyaran ya yi kyau sosai."

Ta tashi ta kashe motar, ta dawo ta tsaya da makullin a tafin hannunta, a buɗe. Ya goge hannuwansa da tsumma, yatsa bayan yatsa, sannan ya zuba hannuwan a aljihu, ya bar mata makullin.

"Ki riƙa tayar da ita kowace safiya," ya ce. "Ba ta son zama wuri ɗaya."