Shinkafar Ndaliman

Saje Yona ya haura saba'in, amma har yau in ya ji bigila sai ya miƙe ƙiƙam kamar za a duba fareti. Shi ne shugaban tsofaffin sojoji na yankin Garatu, kuma abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya ga sunan Ndaliman a jikin dutse kafin ƙasa ta rufe idonsa.

Ndaliman Banufe ne daga wajen Bida, abokin tantinsa a yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu, mutum mai surutun tsiya da son tuwon shinkafa. Zazzaɓi ya kashe shi a daji, aka binne shi inda Yona kansa ba zai iya nunawa ba. Da aka sallame su, Yona ya taka har ƙauyen su Ndaliman ya kai wa uwarsa bargonsa. Tsohuwar ba ta yi kuka a gabansa ba. Rumbu ta shiga, ta ɗebo masa irin shinkafa a ƙwarya, ta ce wannan ɗanta ya fi so. Yona ya zo ya shuka a fadamar bayan gari, tun Minna ba ta wuce tashar jirgi da 'yan rumfuna ba. Manoma kan kira iri da sunan wanda ya fito daga hannunsa, shi ya sa matarsa Magdalene in ta kai kasuwa take cewa Ndaliman ce.

Magdalene ta rasu, gwiwa ta ƙi, Yona ya koma unguwar Dutsen Kura a Minna wajen ɗansa. Ya ji an ce irin gwamnati ya cinye gonaki, ya ɗauka tasa ta bi sauran.

A 1993 aka ba ƙungiyarsu fadamar, a cike ta da jar ƙasa, a dasa furanni, a kafa dutse mai sunayen waɗanda ba su dawo ba. Yona ya yi murna har da hawaye. Saura amincewar ofishin kula da muhalli, sabon abin da tsofaffin ba su san ta inda ya ɓullo ba.

"Yanzu kuma sai an nemi izinin kwaɗi?" in ji mataimakinsa, Kofur Shekwolo.

Ma'aikaciyar ofishin, Malama Aishat, ta zo da hantsi ana tsakiyar yankan shinkafa. Tsofaffin suka jeru a bakin fadama da lambobinsu a ƙirji. Ta ce in ba wanda ya ƙi cikin mutanen wurin, za ta amince. To, wa zai ƙi a gaban kakanninsa, ga su tsaye da lambobi? Matan da ke aiki suka sunkuyar da kai.

Aishat ta ɗauki zangarniya ɗaya mai jan gashi, ta tambayi wata matashiya mai goyo, Alisabatu, wace iri ce wannan.

"Ndaliman ce, ranki ya daɗe."

"Wane ne Ndaliman?"

"Oho, haka muka taso muka ji. Amma irin ba ya yi ko'ina sai nan. An kai shi gaba, ya ƙi."

Yona ya matso kusa. Ya miƙa hannu ya karɓi zangarniyar, ya murje ƙwaya ya jefa a baki. Ita ce, da ƙamshinta na tukunyar Magdalene. Kewa ta taso masa ta mutum biyu a lokaci guda. Yarinyar nan ba ta san Bama ba, ba ta san bargo ba, amma sunan ya fito daga bakinta kamar na ɗan gidansu.

"'Yata," ya ce da Aishat, "akwai wanda ya ƙi."

"Wane ne, Baba?"

"Ni."

Shekwolo ya buga sanda a ƙasa. "Haba Saje! Kai fa ka jawo mu nan!"

"Ni ne," in ji Yona.

Shekwolo ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Ba a ba su wani fili ba, ba a kafa dutse ba, har Yona ya rasu. Amma duk kaka yakan sa ɗansa ya kai shi layin masu shinkafa a kasuwa, ya nemi benci ya zauna. Ba ya sayen komai. Saurare kawai yake yi, mata suna kiran Ndaliman da ƙarfi, masu saye suna amsawa.