Tafintan Alhaji Albashir

Malam Zayyanu malamin firamare ne a Kaoje, shekararsa goma sha huɗu yana koyar da 'yan aji huɗu lissafi. Amma ba da alli aka fi saninsa ba. Ubansa Bahaushe ne, uwarsa 'yar Dandawa, don haka ya tashi da Hausa da Dandanci a bakinsa kamar tagwaye. In ma'aikatan lafiya suka zo da rigakafi, shi ake kira. In aka zo gargaɗin ambaliya, shi ake miƙa wa lasifika. Yana jin daɗin abin, don ko a kasuwa tsofaffi kan nuna shi su ce ga mai bakin nan biyu.

Sati uku kafin zaɓe, 'yan kwamitin Alhaji Albashir suka same shi a makaranta. Alhaji na neman kujerar majalisar jiha karo na biyu. A karon farko ya faɗi da 'yan ƙuri'u kaɗan, kuma tun daga lokacin maganarsa ɗaya ce, ya faɗe ta a Bagudo, ya faɗe ta a Zagga da Kurgu: wai mutanen tungayen bakin ruwa ba 'yan ƙasa ba ne, daga Benin ake loda su a jirgin ruwa ranar zaɓe su zo su dangwala wa abokin hamayyarsa. Suka ce ranar Asabar za a yi gangami a bakin kasuwa, suna son Malam ya yi tafinta. Ya amsa ba tare da dogon tunani ba.

Ya san tungayen nan ciki da waje. A ɗayansu yayarsa Shafa'atu take aure shekara goma sha tara. Mijinta Badamasi a ƙetare aka haife shi, wajen Madekali ta ƙasar Benin, ya zo kamun kifi tun yana saurayi, ya samu fadama ya shuka shinkafa, ya zauna. 'Ya'yansu huɗu. Badamasi bai taɓa dangwala wa kowa ba a rayuwarsa, don ko katin zaɓe ba shi da shi.

Ranar Asabar bakin kasuwa ya cika har bisa motoci. Alhaji Albashir ya hau bayan a-kori-kura da hantsi, Zayyanu a gefensa. Ya yi maganar taki, ya yi maganar hanya, Zayyanu na bin sa jimla bayan jimla. Sai Alhaji ya gyara babbar riga ya sassauta murya.

"Jama'ar Kaoje, ku manoma ne. Hakin da ya shigo fadamar shinkafa, roƙon shi ake yi ya fita?"

"A'a!" in ji taro.

"Tumɓuke shi ake yi, a tara, a sa mai wuta. In kunka bar shi ya kai ranar girbi, kada wanda ya zo min da kuka."

Zayyanu ya ɗaga tasa lasifikar. Ya juya maganar yadda take: ciyawa, shinkafa, girbi. Tsofaffin Dandawa da ke gaba suka gyaɗa kai kamar masu sauraron malamin gona. Alhaji yana jin Dandanci sama-sama. Ya sauke lasifikarsa, ya kamo hannun rigar Zayyanu, ya matso da baki kusa da kunnensa.

"Malam, wanga ba tafinta ba ne. Warware musu. Gaya musu ko su wa nike nufi."

Idanu fiye da dubu na kansa. Ga 'yan banga a ƙasan motar da gorori. Ga shekarun da ya yi yana maimaita abin da manya suka ce ba tare da ya tsaya auna shi ba. Ya ɗaga lasifika ya ce da Dandanci, "Yana nufin baƙin da ke tungayen bakin ruwa. Ya ce ku kawar da su kafin ranar zaɓe."

Ihu ya tashi, ganguna suka ɗauka. Ya sauko yana gaya wa kansa maganar siyasa ce, kafin la'asar iska ta tafi da ita.

Ranar Litinin bayan azahar yana gyara littattafan yara a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, ya hango hayaƙi ta wajen ruwa. Ya ɗauka masu gyaran fadama ne, sai da ya ga mata na gudu da goyo, wasu ko kallabi babu. Ya hau babur. Kafin ya isa, bukkoki ashirin da ɗaya sun zama toka, rumbunan shinkafa na ci, an fasa jirage da gatari. Badamasi na kwance a bakin gaɓa, rabin jikinsa a ruwa. Ya tsaya ne a gaban jirginsa yana roƙonsu su bar masa shi, wani ya sauke masa gora a ƙeya. Shafa'atu na zaune a cikin laka ta ɗora kansa a cinyarta. Ta ɗago ta dubi ƙanenta, ta mai da idonta kan mijinta.

Bayan sadakar uku 'yan'uwan Badamasi suka zo daga ƙetare suka tafi da ita da yaran. Zaɓe ya zo, tungayen babu kowa. Alhaji Albashir ya ci.

Shekara biyu shari'ar na tafiyar hawainiya. An kama samari uku, aka gurfanar da Alhaji bisa tuhumar tunzura jama'a, aka ba da belinsa ranar da aka kawo shi. Lauyar da ke gabatar da ƙara, Barista Raudatu, ta zo Kaoje da kanta, ta sami Zayyanu a zauren gidansa da faifan bidiyon gangamin a wayarta. Ta kunna masa. Ya ji muryarsa, ya ce ta kashe.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba," in ji ta. "Abin da ya faɗa da bakinsa karin magana ne. Doka tana son a nuna ya yi nufin a far wa mutane. Ka ga nan, inda ya sunkuyo kunnenka? Babu wanda ya ji abin da ya ce sai kai."

"In na faɗa, za a kama shi da laifi?"

"Ban sani ba. In ba ka faɗa ba, na san ba za a kama shi ba."

"To ni fa?"

Ta kifa wayar a cinyarta. "Kai shaida ne. Amma lauyansa zai so ya mai da kai wani abu daban."

Ya amince. Tun daga ranar wasu suka daina amsa masa sallama a masallaci. Takardar canjin wurin aiki ta zo masa, zuwa wata makaranta mai nisa, ba tare da an faɗi dalili ba.

Ranar da zai ba da shaida ya isa Birnin Kebbi da wuri. A farfajiyar kotu ya yi kiciɓis da Alhaji yana fitowa daga mota. Alhaji ya miƙa masa hannu biyu da fara'a.

"Malam Zayyanu! Yaya iyali? Allah shi jiƙan mijin yayarka. Wallahi abin ya taɓa ni."

"Amin, ranka shi daɗe."

"Ni dai ka san maganar noma niy yi. Ka faɗi gaskiya, Malam, kada ka ji tsoron kowa."

Ya wuce, magoya baya na biye da shi.

A akwatin shaida Zayyanu ya faɗi komai yadda ya faru. Barista Raudatu ta zauna, lauyan Alhaji ya miƙe, dattijo mai sanyin murya da farin gilashi. Ya sa aka sake kunna faifan.

"Malam, a cikin abin da wanda nake karewa ya faɗa a lasifika, ka ji kalmar mutane?"

"A'a."

"Ka ji baƙi? Ka ji tunga? Ka ji sunan wani?"

"A'a. Amma kowa ya san..."

"Ba abin da kowa ya sani na tambaye ka ba. Manomin Kaoje in ya cire ciyawa, me yake yi da ita?"

"Ƙonawa."

"Madalla. To a duk faɗin filin nan, bakin wa ya fara furta baƙin tungaye?"

Zayyanu ya dubi alƙali, ya dubi ƙasa. "Nawa."

"Bakin wa ya ce a kawar da su?"

"Nawa. Shi ya ce in warware."

"Wa ya ji ya ce haka?"

"Ni."

"Kai kaɗai. Ko da ma ya ce, ya ba ka kalmomin da za ka faɗa? Ba zai yiwu girbin da yake nufi zaɓe ba ne, tumɓukewar kuma da ƙuri'a?"

"Ba a sa wa ƙuri'a wuta," in ji Zayyanu.

Aka yi 'yar hayaniya a baya, alƙali ya buga tebur. Lauyan bai ko ɗago ba. Ya juya takarda.

"Marigayin mijin yayarka ne. Da kana ganin maganar nan kiran kisa ce, ranar Asabar da Lahadi ka je ka gargaɗe shi?"

Zayyanu ya buɗe baki. Ranar Lahadin ya je ɗaurin aure Kurgu, ya dawo ya wanke babur.

"Ban je ba."

"Saboda kai ma, da kake tsaye kusa da shi, ba ka ɗauke ta kiran kisa ba. Shi ke nan, ya mai shari'a."

Bayan wata biyu aka yanke hukunci. Alƙali ya ɗauki fiye da awa yana karantawa da Turanci, wani tafinta na kotu na juya wa mutane da Hausa a taƙaice. Ya ce kalaman wanda ake tuhuma ba su dace da shugaba ba, kuma duk mai hankali ya san abin da irinsu ke iya haifarwa a lokacin zaɓe. Ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da su ba. Amma kotu ba ta hukunci da zato. Kalaman na ɗaukar ma'ana biyu, samarin uku sun ce ba wanda ya aike su, kuma jimlar da ta ambaci mutane ba daga bakin wanda ake tuhuma ta fito ba. An sallami Alhaji Albashir, an wanke shi. Samarin uku aka ba su shekaru a gidan yari.

A waje ganguna suka ɓarke. Barista Raudatu ta same shi a jikin katanga, rigar lauyarta a hannu.

"Zan rubuta a ɗaukaka ƙara," ta ce. "Sai dai ba ni ce ke sa hannu ba."

"Barista, tsakaninki da Allah, alƙalin ya yi kuskure?"

Ta dubi motocin da ke fita. "Da ni ce a kujerarsa, da abin da ke gabansa, ban san me zan yi ba. Na san dai Alhaji ya san abin da yake faɗa. Sani daban, tabbatarwa daban."

Ranar Juma'a Zayyanu ya ɗauki babur ya nufi iyaka. Tun da aka tafi da Shafa'atu sau biyu ya je, duka biyun gaisuwa kawai suka yi. Jandarman da ke gadin iyakar ya duba katinsa ya ɗaga masa igiyar shinge. Ya same ta a bayan gidan surukanta tana turara shinkafa a rabin ganga, ta rame, hayaƙi ya ja mata ido. Ƙanananta biyu na shanya a kan tabarma. Babban ɗanta yanzu yana bin jirgin baffansa, makaranta ta tsaya, don a nan da Faransanci ake karatu.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana juya shinkafa.

"Yaya, an yanke shari'a."

"Na ji. Tun shekaranjiya anka kira mu."

"Na faɗi duk abin da na sani. Wallahi ban rage komi ba."

"An ce ka faɗa."

Ta zare itace ɗaya daga murhu ta kashe shi a ƙasa. Ta zauna a kan turmi, sai a lokacin ta dube shi sosai.

"Ni ban san shari'a ba, Zayyanu. Abu guda nike so in tambaye ka. Sa'ad da kac ce baƙin tungaye, ka tuna da mu?"

Ya so ya ce bai tuna ba. Ya so ya ce ya tuna. Ya rasa wadda ta fi sauƙin ji.

"Na tuna," ya ce. "Na ɗauka ba za a yi komi ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta kira 'yarta Fatiha ta ce ta kawo wa kawunta ruwa da tuwon da ya rage.

"Ku dawo gida, Yaya. Ɗaki na nan, yara su koma makaranta."

"Gida ina? Fadamar an raba ta. Waɗanda sunka raba, da su zan riƙa haɗuwa a kasuwa." Ta miƙe ta koma bakin ganga. "Ci abinci. Ka tashi da wuri, hanya ba ta da kyau in hadari ya taso."

Ya ci loma uku don kada ta ga ya ƙi. Da zai tafi ta rako shi har bakin zana, ta ɗaura masa ƙullin shinkafa a bayan babur, ta ja igiyar da ƙarfi.

"Ka gai da matarka Jannatu da yara," ta ce. "In Sallah ta zo, ka aiko su. Kai ka bari tukuna."

Ya ce to. Ya tura babur ɗin da ƙafa har ya fita daga lungun, sannan ya tayar.