Gidan Tawadar Malam Badaru

Motata ba ta tashi mutuwa ba sai a tsakiyar rafin Runka, cikin yashi, saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka. Tsohuwar motar soja ce da na saya bayan mun dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama, inda na koyi kanikanci, kuma ita ce kaɗai abin da na mallaka a duniya ban da rigar jikina. Da na kwance injin sai na tarar fistin ɗaya cikin shida, ƙarfen nan mai kama da kofi da ke hawa da sauka a cikin inji, ya tsage gida biyu. Ƙarti talatin na Runka suka taru suka tura, aka ɗaura shanun huɗa, ba abin da ta yi sai ƙara nutsewa. Idan ba da ƙarfin injinta ba, ba ta fita. Kowa kuma ya san halin rafin nan: ruwa ɗaya ya isa ya kawo ambaliya.

Na je Katsina, kantin Turawa. Akawun ya buɗe wani littafi mai kauri, ya ja yatsa a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a gero, ya ce sai an aika Ingila, wata uku a jirgin ruwa. Na ce masa cikin wata uku kifi ya yi 'ya'ya a motar. Bai ko yi murmushi ba. Na wuce Kano, na kwana biyu ina birkita tarkace a Sabon Gari. Wannan ya yi faɗi, wancan ya yi gajere, wani kuma na injin niƙa ne aka rantse mini da Allah na mota ne. Na dawo Batsari da baƙin mai har gwiwar hannu, raina a ɓace.

Sodangi mahauci ne ya tsayar da ni ranar kasuwa.

"Armaya'u, kai da ka zagaye duniya, ba ka san gawar motar da ke garin Tsaskiya ba? Irin taka ce sak. Masu aikin hanya suka yar da ita bara waccan."

Ban ko gama cin tsiren da ya miƙo mini ba na ari keke.

Gawa ce kuwa. An sare tayoyi an yi takalma, kujera tana ƙofar gidan mai unguwa, injin a wangale. Maƙerin garin, Jinjiri, ya amsa mini da fara'a cewa shi ya kwance shi. Fistin biyar ya narkar, ya zuba ludaya da cokula, har ya ɗauko ɗaya ya nuna mini kyawun aiki. Na ji kamar in kwaɗa masa ludayin a ka.

"Na shidan fa?" na ce.

"Yana wurin Malam Badaru. Sadaka na kai mashi."

Malam Badaru dattijo ne mai makarantar allo, mutumin kirki wanda ba ya gaggawa a komai. Na durƙusa a zaure muka shiga gaisuwa: gajiya, iyali, mutanen Batsari, zafi, labarin hadari. Ni kuwa idona na can gefen buzunsa. Ga fistin a ajiye, bakinsa sama, alƙaluma uku a ciki da 'yar tawada a ƙasa. Na roƙi izini na ɗauka, na sa farce na bi tsagogin nan uku da zobba ke zama, na leƙa ramuka biyu na gefe inda ƙusa ke ratsawa. Lafiya lau. Ko ƙwarzane babu.

Na faɗa masa komai, motar da rafin da hadarin. Ya saurara yana gyaɗa kai.

"Wanga abu naka ne, ɗana. Dama yoyo yake, tawada ba ta wuce rabi sai ta bi ramukan. Amma ba a ba baƙo abu da dauɗa. Je ka gidan mai unguwa ka ci abinci, ka dawo bayan la'asar."

Nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa. Zuciyata ta ce cusa shi a aljihu ka hau keke. Amma ta yaya zan fizge kyauta daga hannun dattijo kamar ɗan fashi? Na ɗauka wanke tawadar za a yi. Na ce, "To, Allah gafarta Malam," na fita. Na ci tuwo ban san ɗanɗanonsa ba, ina ta leƙen gabas inda sama ta fara haɗa rai.

Bayan la'asar na tarar zauren ya cika. Malam a buzunsa, Jinjiri a gefe yana washe baki, ga wani ƙunshi cikin farin ƙyalle. Malam ya miƙo mini da hannu biyu. Na kwance.

Sai ƙyalli yake kamar sabon kwano. An toshe ramukan biyu da dalma. Tsagogin zobba kuwa babu su, an bi su da magagari an goge har jikin ya yi sumul, ya rame.

"Na ce abin da za a sa ma mota bai kamata ya zama mai yoyo ba," in ji Malam. "Shi ne na kira Jinjiri."

"Tun azahar nake guga, ko ruwa ban sha ba," in ji Jinjiri. "Zanen nan ya ba ni wuya ƙwarai. Shafa ka ji."

Na shafa. Dalma ana narkar da ita a fitar, wannan mai sauƙi ne. Amma ƙarfen da magagari ya cinye ba mai mayar da shi, ko a Ingila. Na so in yi ihu, na so in zagi wani, amma wa? Tsohon da ya ba ni abin da yake amfani da shi kullum, ko maƙerin da ya ɓata yininsa kyauta saboda ni? Duk suna kallona suna jiran su ga farin cikina.

Na ce, "Na gode. Allah ya saka da alheri."

Suka ce amin. Malam ya ƙara da addu'ar Allah ya tayar da motar.

Ina cikin tura keke a bayan gari iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya taso. Can wajen Runka sama ta yi baƙi ƙirin, ana ta walƙiya. Na jingina keken na zauna gindin wata tsamiya, fistin a hannuna, ban ma yi yunƙurin sauri ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina kallo ya cika fistin har baki, ko ɗigo bai zuba ba.